Kimiyyar Sinadaran Kabon

Kimiyyar sinadaran kabon reshe ne na ilmin kemistiri wanda ke nazarin haɗaɗɗun sinadaran da aka gina a kan kabon: yadda ƙwayoyin zarrarsu suke jere, halayen da suke nunawa, yadda suke rikiɗa daga wani zuwa wani, da hanyoyin haɗa su a ɗakin gwaji ko a masana'anta. A makarantu an fi sanin fannin da sunan kemistirin oganik. Sinadaran da aka yi wa rajista a babban kundin ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka sun haura miliyan 200, kuma mafi rinjayensu suna ɗauke da kabon. Duk da wannan yawa, kayan ginin kaɗan ne: kabon, haidirojin, oksijin da naitirojin, sai farar wuta, fosfaras da kulorin a wasu lokuta. Sukari, auduga, man fetur, shuni, leda da maganin zazzaɓi duk daga waɗannan aka gina su, kuma abin da ya raba su shi ne tsarin da zarra take bi wajen ɗaure 'yar'uwarta. Bisa al'adar fannin, ana barin wasu 'yan sinadarai masu kabon ga ɗaya reshen na kemistiri, wato na ma'adinai. Daga cikinsu akwai iskar kabon dayoksaid da gishirin kabonet irin wanda ke cikin kanwa da dutsen siminti.

Asali

Mutane sun daɗe suna sarrafa sinadaran kabon kafin su san abin da ke cikinsu. Rini, jima, dafa sabulu, kwantar da nono da fitar da turare daga furanni duk sana'o'i ne da suka girmi ilmin da ya zo ya yi bayaninsu. Abubakar al-Razi, likitan Rayy da Bagadaza wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya kasa abubuwan da yake aiki da su gida uku, na ma'adinai, na tsirrai da na dabbobi, kuma wannan rabo ya daɗe yana tasiri a Turai. A shekarar 1789 Antoine Lavoisier na Faransa ya sa kabon a jerin sinadarai na asali, waɗanda ba sa rabuwa zuwa wani abu mafi sauƙi. Ya kuma nuna cewa abin da ya fito daga tsiro ko dabba, idan aka ƙona shi, yakan bayar da kabon dayoksaid da ruwa, alamar cewa akwai kabon da haidirojin a cikinsa.

A farkon ƙarni na 19 Jöns Jacob Berzelius na Suwidin ya ware nazarin sinadaran halittu masu rai a matsayin fanni mai zaman kansa. Ra'ayin da ya yi rinjaye a lokacin shi ne cewa irin waɗannan sinadarai ba sa samuwa sai a jikin mai rai, domin akwai wani ƙarfi na rayuwa da ɗakin gwaji ba zai iya kwaikwayo ba. A shekarar 1828 Friedrich Wöhler na Jamus ya ɗumama wani gishiri mai suna amoniyom sayanet, sai ya sami yuriya, sinadarin da ƙoda ke fitarwa cikin fitsari. Littattafan makaranta sukan ce wannan gwaji ne ya rushe tsohon ra'ayin nan take, amma tarihi ya nuna rushewar ta ɗauki shekaru. Sai da Hermann Kolbe ya haɗa asid ɗin ruwan khal daga kayan ma'adinai a 1845, kuma Marcellin Berthelot ya haɗa wasu da dama a shekarun da suka biyo baya, sannan ra'ayin ya rasa magoya baya.

Darasin da ya fi nauyi a gwajin Wöhler yana wani wuri dabam. Gishirin da ya fara da shi da yuriyar da ya samu suna da zarra iri ɗaya, adadi ɗaya, amma halayensu ba su yi kama ba ko kaɗan. A 1830 Berzelius ya raɗa wa irin waɗannan tagwaye suna isoma. Shekara guda bayan haka Justus von Liebig ya ƙera na'urar gilashi a Giessen wadda ta sauƙaƙa auna yawan kabon da haidirojin a cikin kowane sinadari, sai lissafi ya yawaita, isoma kuma suka yi ta bayyana ba tare da an iya bayanin dalilinsu ba. Amsar ta zo a 1858, lokacin da August Kekulé na Jamus da Archibald Scott Couper na Sikotlan, kowa a nasa ɓangaren, suka bayyana cewa zarrar kabon tana yin ɗauri huɗu, kuma tana iya ɗaure wata zarrar kabon har su yi sarƙa. A 1861 Aleksandr Butlerov na Rasha ya fayyace ƙa'idar da fannin ya tsaya a kanta har yau: halin sinadari yana bin tsarin da zarrarsa ke ciki. Kekulé ya kawo siffar zobe ga benzin a 1865, shekara 40 bayan Michael Faraday ya fara ware shi a Landan. A 1874 Jacobus van 't Hoff na Holan da Joseph Le Bel na Faransa suka fitar da tsarin daga shimfiɗar takarda, suka nuna cewa ɗaurin kabon huɗu suna fuskantar kusurwoyi huɗu a sarari. Abin da ya rage shi ne sanin mene ne ɗaurin kansa, kuma Gilbert Lewis na Amurka ya bayyana shi a 1916 a matsayin elektiron biyu da zarra biyu suke tarayya a kansu.

Siffa da tsari

Kabon shi ne na 6 a jadawalin sinadarai, alamarsa C, nauyin zarrarsa kuwa kusan 12.01. Yana da elektiron shida, huɗu daga ciki a zagayen waje. Ba ya saurin bayar da su, ba ya kuma saurin karɓar wasu, don haka hanyar da ta rage masa ita ce tarayya. Daga nan ƙa'idar lissafin fannin ta fito: kabon ɗauri huɗu, naitirojin uku, oksijin biyu, haidirojin ɗaya. Gungun zarra da aka ɗaure ta wannan hanya shi ake kira molekul. A molekul ɗin metan, wanda ya fi kowane sauƙi, kabon ɗaya ne a tsakiya da haidirojin huɗu kewaye da shi, kuma kusurwar da ke tsakanin kowane ɗauri biyu digiri 109.5 ce.

Zarrar kabon biyu suna iya haɗuwa da ɗauri guda, ko biyu, ko uku. Tsawon ɗauri guda kusan fikomita 154 ne, na biyu 134, na uku 120, fikomita kuwa kashi ɗaya ce cikin tiriliyan na mita. Gwargwadon gajartar ɗaurin, gwargwadon ƙarfinsa. Muhimmin abu shi ne cewa ɗaurin kabon da kabon yana da ƙarfin da ya kusa kai na kabon da oksijin, shi ya sa doguwar sarƙa take iya zama lafiya a cikin iska da ruwa. Silikon, wanda ke ƙarƙashin kabon a jadawali, shi ma ɗauri huɗu yake yi, amma ya fi ƙarfi idan ya kama oksijin fiye da idan ya kama ɗan'uwansa, don haka a doron ƙasa ya ƙare a matsayin yashi da duwatsu. Ko kabon zalla yana nuna tasirin tsari: a daimon kowace zarra tana ɗaure da huɗu, abin ya zama mafi tauri a cikin ma'adinai, a girafait kuwa, wanda ake yin bakin fensir da shi, zarra tana ɗaure da uku a shimfiɗu masu zamewa a kan juna. An gano wasu siffofin daga baya, fularin mai zarra 60 a 1985, da girafin mai kaurin zarra guda a Manchester a 2004.

Dangi mafi sauƙi shi ne na haidirokabon, masu kabon da haidirojin kawai. Waɗanda duk ɗaurinsu guda-guda ne ana kiransu alkan, kuma adadin haidirojin ɗinsu ninki biyu ne na kabon a ƙara biyu. Jerinsu ya fara da metan, CH4, sai etan, furofan da butan. Yayin da sarƙar ke ƙara tsawo, zafin da ake buƙata kafin ta tafasa yana hawa a hankali: metan yana tafasa a digiri 161.5 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, furofan a 42 ƙasa da sifiri, butan kuwa dab da sifiri. Daga kabon biyar abin ya zama ruwa, daga wajen goma sha takwas kuma ya daskare kamar kakin kyandir. Yawan isoma yana hawa da saurin da ya fi wannan nesa ba kusa ba, domin sarƙa tana iya yin rassa. Butan yana da siffa 2, mai kabon biyar 3, mai takwas 18, mai goma 75, mai ashirin kuwa 366,319. Wannan lissafi kaɗai ya isa bayanin dalilin da ya sa sinadaran kabon suka fi na sauran sinadarai yawa.

Masu ɗauri biyu su ne alken, kuma na farkonsu, etilin, shi ne iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa lokacin nuna. Masu ɗauri uku su ne alkain, irin su asitilin da masu walda ke samu idan suka zuba ruwa a kan kabaid. Benzin, C6H6, yana da matsayi na musamman. Zobe ne na kabon shida wanda duk ɗaurinsa tsawonsu ɗaya, kusan fikomita 139, domin elektiron shida sun bazu a kan zoben gaba ɗaya. Wannan ya ba shi juriya, shi ya sa zobensa yake bayyana a cikin magunguna da kayan rini masu yawa, ko da yake benzin kansa guba ne mai haddasa sankarar jini.

Sarƙar haidirokabon ba ta cika shiga mu'amala da wasu sinadarai ba. Inda sauyi ke faruwa shi ne wurin da aka maƙala wani ƙaramin gungun zarra, wanda ake kira rukunin aiki, kuma da shi ake kasa sinadarai dangi-dangi. Oksijin da haidirojin a jikin sarƙa suna bayar da dangin alkohol. Rukunin COOH yana bayar da asid, kuma shi ne tushen tsamin nono, na lemun tsami da na tsamiya. Idan asid ya haɗu da alkohol sai a sami esta, dangin da ke bayar da ƙanshin 'ya'yan itace da yawa, wanda kuma mai da kitse suke cikinsa. Masu naitirojin sun haɗa da dangin amin da sinadarai masu ɗaci na tsirrai, irin su kwinin da kafin ɗin da ke cikin goro da shayi. Ƙaramin sauyi a tsari yana iya kawo babban bambanci. Etanol da daimetil ita duk C2H6O ne, amma na farko ruwa ne mai tafasa a digiri 78, na biyu kuma iska ce a zafin ɗaki. Metanol ya gaza etanol da kabon guda kawai a sarƙarsa, amma hanta tana mayar da shi asid mai lalata jijiyar ido, kuma kaɗan daga cikinsa yana makantarwa ko ya kashe.

Akwai nau'in isoma da ya fi wannan laushi. A 1848 Louis Pasteur ya duba ƙanƙarar wani gishirin asid ɗin tatarik, asid ɗin da ke cikin inabi da tsamiya, ya ga siffa biyu ce, ya kuma raba su ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki. Idan zarrar kabon tana riƙe da abubuwa huɗu mabambanta, molekul ɗin yana iya zuwa a siffa biyu da suke kamar hannun dama da na hagu: komai nasu ɗaya, amma ɗaya ba ya hawa kan ɗaya daidai. Jikin mai rai yana bambance su sarai, domin furotin ɗinsa an gina shi ne da siffa guda ta amino asid. Bayan bala'in talidomaid, wani magani mai irin wannan siffa biyu da aka ba mata masu ciki daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961 wanda ya sa aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, hukumomin magunguna sun tsananta gwaji, daga baya kuma suka wajabta nazarin kowace siffa ita kaɗai.

Manyan molekul, wato folima, suna samuwa ne idan ƙaramin molekul ya maimaita kansa sau dubbai. Hermann Staudinger ya kawo wannan ra'ayi a 1920, ya sha suka daga takwarorinsa, aka kuma ba shi kyautar Nobel a kansa a 1953. Sitacin gero da selulos ɗin karan gero duk sarƙoƙin gulukos ne. Bambancin fuskar da ɗaurin ya kalla shi ya sa cikin mutum ke narkar da na farko, na biyu kuwa sai dabbobi irin su masu tuƙa, da taimakon ƙwayoyin halittar da ke tumbinsu. Domin a iya kiran wannan tarin sinadarai ba tare da ruɗani ba, masana sun zauna a Janiba a 1892 suka tsara ƙa'idar suna, kuma ƙungiyar IUPAC da aka kafa a 1919 ita ke kula da ita. A ƙa'idar, sunan sinadari yana faɗin tsawon sarƙarsa, rassanta da rukunin aikinta, ta yadda masani zai iya zana tsarin daga jin sunan.

Yaɗuwa

A sararin samaniya kabon ne na huɗu wajen yawa ta fuskar nauyi, bayan haidirojin, hiliyom da oksijin, kuma a cikin taurari yake samuwa idan ƙwayoyin hiliyom uku suka haɗe. Dutsen da ya faɗo daga sama a Murchison ta Ostireliya a 1969 an same shi ɗauke da amino asid iri-iri. A doron ƙasa mafi yawan kabon yana kulle cikin duwatsu. A jikin mutum kuwa ya kai kusan kashi 18 cikin ɗari na nauyi, oksijin kaɗai ya fi shi.

Ƙofar da kabon ke bi ya shiga rayuwa ita ce koren ganye. Da hasken rana tsiro yake haɗa molekul shida na kabon dayoksaid da shida na ruwa, ya samar da gulukos guda, C6H12O6, ya saki oksijin. Numfashi, ruɓewa da ƙonewa suna mayar da shi iska. Ana iya bin sawun wannan zagaye saboda wani nau'in kabon mai nauyin 14, wanda rabinsa ke ɓacewa duk shekara 5,730 bayan mai rai ya mutu. Willard Libby ya mayar da wannan hanyar auna shekaru a ƙarshen shekarun 1940, kuma da ita aka gane cewa kwalekwalen da aka tono a Dufuna ta Jihar Yobe, wanda aka gano a 1987, ya kai kimanin shekara 8,000.

Abin da ya tsere wa ruɓewa ya binne na miliyoyin shekaru shi ya zama kwal, ɗanyen mai da iskar gas. Ɗanyen mai cakuɗe ne na haidirokabon masu tsawo dabam-dabam, kuma aikin matata na farko shi ne raba su bisa zafin tafasarsu: gas ɗin girki a sama, sai fetur mai kabon kusan biyar zuwa goma sha biyu, sai kananzir, sai dizal, kwalta kuma a ƙasa. A Najeriya an gano kwal a yankin Udi a 1909, mai kuma a Oloibiri a 1956. An buɗe matatar Kaduna a 1980, matatar Dangote da ke Lekki kuwa, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, an ƙaddamar da ita a 2023. A Nijar, matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara tace man Agadem a 2011, ganga 20,000 a rana.

Muhimmanci

Masana'antar sinadaran kabon da rini ta fara. A 1856 William Perkin, ɗalibi ɗan shekara 18 a Landan, yana ƙoƙarin haɗa kwinin sai ya sami launin shunayya daga kwaltar kwal, ya kuma kafa masana'anta a kansa. Babban buri a lokacin shi ne shuni. Adolf von Baeyer ya fayyace tsarinsa, C16H10N2O2, a 1883, kamfanin BASF ya fara sayar da na masana'anta a 1897, kuma kafin shekara ashirin cinikin shunin gona na Indiya ya durƙushe. Ilmin ya kuma bayyana abin da marina suka daɗe suna yi a wurare irin su marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Ganyen baba ba shuɗi ba ne. Yana ɗauke da wani sinadari marar launi wanda jiƙawa da iska ke mayarwa shuni. Shuni kuma ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai kama zare haka kawai ba. A cikin karofi, ruwan toka da ƙwayoyin bakteriya suna sauya shi zuwa siffa mai narkewa, mai launin rawaya-kore, wadda ke ratsa zaren. Da an ɗaga tufar ta sha iska, oksijin ya mayar da shi shuɗi a cikin zaren, inda ruwa ba zai iya fitar da shi ba. Yawan tsomawa da ɗagawa shi ke ƙara duhun launin. Masu wannan sana'a sun ƙware a sarrafa sauyin da sai a ƙarni na 19 aka iya rubuta shi da alamomi.

Haka abin yake a sabulu. Michel Chevreul ya nuna a 1823 cewa mai da kitse haɗi ne na gilisarin da asid masu doguwar sarƙa. Idan aka dafa man ja ko man kaɗanya da ruwan toka, kamar yadda ake yin sabulun salo, haɗin yana warwarewa, a sami molekul mai doguwar jela da ke kama maiƙo da kai mai kama ruwa. Taurin man kaɗanya ma daga tsari yake: asid ɗin sitiyarik da ke cikinsa miƙaƙƙiyar sarƙa ce mai kabon 18 wadda ke narkewa a digiri 69, asid ɗin oleyik kuwa, wanda ya yi yawa a man gyaɗa, kabon 18 ne shi ma, amma ɗauri biyu guda ɗaya ya lanƙwasa shi, sai ya zama ruwa a zafin ɗaki.

A fannin magani, an ware kwinin daga ɓawon itace a Faransa a 1820, Felix Hoffmann na kamfanin Bayer ya haɗa asfirin mai tsabta a 1897, Dorothy Hodgkin ta gano tsarin fenisilin a 1945 ta hanyar haskawa da eksire, Tu Youyou da abokan aikinta kuma suka ware atemisinin a Sin a 1972, wanda a kansa aka gina magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau. A noma, yuriya ta zama takin zamani mai kashi 46 cikin ɗari na naitirojin, ana haɗa ta daga amoniya da kabon dayoksaid. Robobi sun fara da Bakelite a 1907, sai foliyetilin na leda a 1933 da nailan a 1935.

Juriyar da ta sa waɗannan kayayyaki suka yi amfani ita ce kuma matsalarsu. Duniya tana samar da roba sama da tan miliyan 400 a shekara, abin da ake sake sarrafawa daga sharar bai wuce kusan kashi 9 cikin ɗari ba, kuma ƙwayoyin ƙasa ba su da hanyar karya sarƙar leda da sauri, don haka take toshe magudanan ruwa da hanjin dabbobi. Ƙona mai da kwal ya ɗaga kabon dayoksaid na iska daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420. Maganin ƙwari na DDT, wanda ya kawo wa Paul Müller kyautar Nobel a 1948, an gano yana taruwa a kitsen dabbobi da mutane ba ya rushewa. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta fara aiki a 2004, ta hana ko ta taƙaita sinadarai goma sha biyu a tashin farko, dukkansu na kabon ne masu ɗauke da kulorin. Ta bar wa DDT ƙofa: feshi a cikin ɗakuna don yaƙi da sauro, bisa sharuɗɗan Hukumar Lafiya ta Duniya.